Shekarar da Kainuwa Ta Cinye Tafkinmu

Ku 'ya'yana da jikokina, wannan babin saboda Baffanku Sahabi na rubuta shi. Ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarku Hassi na ji da kunnena wani daga cikinku, ba zan kama suna ba, yana ba abokinsa labari wai Baffa Sahabi ne ya zubar da mutuncin gidanmu a kasuwar Jega. Ban tanka ba, don taron suna ba wurin gyara magana ba ne. Abin da kuka ji rabin labari ne. Sauran rabin yana wurina, kuma na daɗe ina zaune a kansa.

Kakanku Malam Mamman manomin albasa ne a ƙauyenmu na gefen Sabiyal, yana kuma koyar da karatun allo a zaurensa. Gonarsa ba ta da wani girma, shanunsa biyu ne na huɗa. Abin da ya tara a duniya suna ne. Idan zai cika buhu, manyan albasa yake fara zubawa a ƙasa, sai ya ɗora ƙanana da masu tabo a baki, don mai saye ya fara cin karo da mafi muni. Mutane suna yi masa dariya, suna cewa Malam ya mai da kasuwa wurin tuba. In ya gama sai ya sa basilla ya ɗinke bakin buhun da jan zare, ya yi ƙulli uku. Alhaji Ɗanjumma, dillalin da muke kai wa kaya a Jega, in ya hangi jan zaren nan ko taɓa buhun ba ya yi, sai dai ya ce a wuce da shi mota. Buhun kowa sai an kwance, an zazzage, an tona, ban da na gidanmu. A haka muka tashi ni da ƙanena Sahabi, har muka ɗauka haka duniya take.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son sabon abu. Ni na fara ɗaura agogo a unguwarmu, kuma sai da na yi wata biyu da shi kafin in iya karanta shi. Innarmu takan ce ko ciwon kai ake rabo a Jega, in dai sabo ne, Attahiru zai fara shiga layi. Sahabi shekara huɗu na ba shi. A lokacin da nake ba ku labari magidanci ne, da matarsa da gonarsa, amma duk inda na ɗaga ƙafa nan yake sa tasa. Yadda na karkata hula haka yake karkatawa, waƙar da nake yi a bakin aiki ita yake yi, ko da muryarsa ba ta kai ba. Ina jin daɗin haka ƙwarai, ban taɓa tsayawa na yi tunanin nauyin da ke ciki ba.

Ranin da ya biyo bayan yanke mana jiha daga Sakkwato, kowa ji yake sabuwar duniya ta zo, ni kuwa na fi kowa. Da muka cire albasar farko sai na bi wata mota zuwa Yawuri, wai in ga yadda kasuwar can take. A bakin gulbi na ga wata ciyawa tana yawo a kan ruwa. Mun san kainuwa, tamu ƙarama ce, ba ta fure, ba ta damun kowa. Wannan kuwa ganyenta kore shar yana sheƙi, gindin ganyen a kumbure, ga fure shuɗi-shuɗi mai ɗigon rawaya a tsakiya. Na tambayi wani masunci ko zai bar ni in ɗebi kaɗan in kai wa matata. Mutumin ya yi dariya har ya dafa jirginsa, ya ce in ina da mota in kwashe duka, zai taya ni lodi. Da ina da hankali da dariyar nan ta ishe ni. Na tsinci guda uku na sa a garwa, na zuba ruwa, na rungumo ta har gida.

Ba ita kaɗai na ɗauko ba. A wurin lodi na ga wasu mutane suna cika buhu ta hanyar da ban taɓa gani ba. Sukan sami garwa marar gindi su tsayar da ita a tsakiyar buhu, su cika cikinta da ƙananan albasa da masu ruɓa, su zagaye ta da manya, sannan su zare garwar sama, su rufe baki da zaɓaɓɓu. Ko ka kwance bakin, ko ka laluba gefe, mai kyau za ka taɓa. Na tsaya ina kallo baki buɗe. Ban ce a raina wannan algus ne ba, cewa na yi lallai mu mutanen ƙauye an bar mu a baya.

Uwarku Kulu ta yi murna da furen nan kamar na kawo mata zinariya. Ta samo babban kasko ta ajiye kusa da randa, matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Kun san al'adar garinmu, mace ba ta hana 'yar'uwarta dashe, ko na lalle ne ko na zogale, in an roƙa sai a tsinka a bayar. Haka ta yi ta rabo, har yayarta da ke aure a Birnin Malam ta tafi da nata a kwano. Duk da rabon nan, kafin sati uku kaskon ya cika ya tumbatsa. Kakanku, wanda idonsa ya fara rauni a shekarar, ya sunkuya ya shafa ganyen, ya matsa gindin da yatsa.

"Attahiru, mi as sunan hakin ga?"

Na ce kainuwa ce ta Yawuri.

"Kainuwa dashen Allah ta. Wagga ko dashen Attahiru ta. In ta yi yawa, ka shanya ta bisa tudu ta bushe. Kak ka kai ta ruwa."

Na ce to. Washegari na kwashi rarar a kwando, na nufi tudu, sai na ji tausayin furen. Na ce abu mai kyau haka a bar rana ta ƙone shi? Na juya na watsa ta a tafkin bayan gari, wanda daga shi muke ban ruwan albasa, a nan shanu ke sha, a nan mata ke wanki. Ko kallon baya ban yi ba.

Ita kuwa garwar, na sa guduma da ƙusa na cire mata gindi. Saboda idonsa, a shekarar kakanku ya bar mana cika buhu, ya damƙa mana jan zaren. Albasar gonata ta yi ƙanana da yawa, sai na gwada dabarar a buhu kaɗan, na ɗinke da jan zare, ƙulli uku. Alhaji ya ce a wuce da su mota. Wata rana da hantsi ina gefen rudun da muke ajiye albasa, garwa tsaye a buhu, sai ga Sahabi. Ya tsaya cak yana kallo. Wallahi da na nuna kunya a lokacin, ko da sunkuyar da kai ne, da maganar ta mutu a nan, don fuskata yake karantawa kafin ya san abin da zai ji game da kowane abu. Amma dariya na yi, na ce matso ka ga wayon mutanen birni. Ni na riƙe masa garwar da hannuna ya zuba na farko.

"Yaya, in Baba ya jiya hwa?"

Na ce masa Baba ba ya gani, Alhaji ba ya kwancewa, mai saye kuma yana can Kudu bai san ko sunan garinmu ba. Ya yi 'yar dariya irin tawa, muka ci gaba.

Daga kakar nan ban sake yi ba. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne ya kama ni, ban kai nan ba tukuna. Kawai dai duk lokacin da Alhaji ya kama hannuna yana tambayar jikin Malam sai in kasa haɗa ido da shi. Na jefar da garwar bayan rumbu, na ce shi ke nan, an wuce wurin. Ban taɓa tambayar Sahabi ko shi ma ya bari ba. A ganina tunda ni na daina, abin ya mutu.

Damina ta sauka, tafki ya cika. Kafin a yanke gero kainuwar ta rufe rabinsa, mutane suna tsayawa suna yaba furen. Kafin lokacin dashen albasa ta rufe shi ruf, har kaza tana iya takawa a kai ta tsallake. Nan yabo ya ƙare. Bakin tiyon injin ban ruwa ya riƙa toshewa da saiwoyinta, sai an shiga ruwa har ƙirji a buɗe. Masu jigo suka rasa inda za su jefa guga. Shanu suka rasa mashaya, wani maraƙi ya taka yana zaton ƙasa ce, da ƙyar aka jawo shi. Kifi ya mutu, ruwan ya yi wari, sauro ya yi mana sallama ya zauna, ga macizai sun sami gida. Ruwan kansa ya riƙa ja da baya da wuri, alhali ga albasa a komin da aka dasa ta tana jiran sha. Aka ce baƙo raɓa ne, to wannan baƙon da tabarmarsa ya zo.

Mai gari ya kira gayya. Muka shiga da manjagara da igiya da ƙota, muna ja muna tarawa a tudu, in ta bushe a cinna wuta. In na iso sai a ce ga Sarkin Fure nan, a buɗa masa hanya. Na sha ba'a har ta ishe ni, kuma ban da bakin ramawa. Mu share gefe guda yau, bayan kwana goma ta rufe kamar ba a taɓa ba, don ko ɗan guntu ya tsira sai ya haihu. A gayya ta uku kakanku ya sa Sahabi ya jawo shi bakin tafki, ya zauna a inuwa yana sauraren hayaniyar mutane. Da na fito shan ruwa, jikina duk laka, ya kira ni.

"Da hannu nawa kak kawo ta?"

"Guda, Baba."

"Yanzu hannu nawa ka jan ta?"

 Sai ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Ita ɗai kak kawo muna daga tahiyag ga?"

Na ce ita kaɗai ce. Sahabi yana tsaye a bayansa, bai ɗago kai ba. Wannan ita ce ƙaryar da na fi jin ciwonta a rayuwata, don ƙofa ya buɗe mini da hannunsa na ƙi shiga.

Albasar shekarar ba ta yi girma ba saboda ƙarancin ruwa, kowa ƙanana ya samu. Muka kai kaya Jega ni da Sahabi. Ashe tun bara masu saye suke aiko wa Alhaji da ƙorafi a kan buhunan ƙauyenmu, shi kuma yana rantsuwa cewa ko na kowa ne ban da mai jan zare. Ranar dai wani baƙon ɗan kasuwa ya kafe sai an buɗe. Alhaji, don ya kunyata shi, ya zaro wuƙa ya tsaga cikin buhun Sahabi daga sama har ƙasa. Manyan suka gangaro, sai ga tsakiyar ta zubo, ƙanana da ruɓaɓɓu, har da wari. Kasuwa ta taru. Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta faɗi irin ta Alhaji a ranar ba. Ya daɗe yana kallon albasar a ƙasa kafin ya yi magana, kuma a hankali ya yi ta.

"Ɗan Malam, wa yak koya maka wanga aiki?"

Sahabi ya dube ni sau ɗaya. Ba kallon roƙo ba ne, ba na zargi ba, irin kallon nan ne da ya saba yi mini don ya ga abin da zan yi shi ma ya yi. Ni kuwa na kau da kai. Sai ya sunkuya.

"Ba kowa, Alhaji. Ni kaɗai na."

Aka tsaga nawa buhunan, aka same su lafiya lau. Mutane suka riƙa dafa kafaɗata suna cewa ga ɗan halas, wannan shi ya gado Malam. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ranar ƙanena ruwan ya doka, ni ina tsaye a bushe ana sa mini albarka. Kafin la'asar an tsaga buhunan mutum shida na ƙauyenmu an sami irin wannan aiki. Duk a wurin Sahabi suka gani, lokacin da suke taya juna cika buhu.

Kakanku bai yi faɗa ba, da ma ba mai faɗa ba ne. Ya ce a kawo masa ƙullin jan zaren, ya sa a aljihu. Ya ce Sahabi kada ya sake taka kasuwar Jega da kayan gidan nan. Sannan da aka kira sallah, Sahabi ya matso zai kama hannunsa kamar yadda ya saba kai shi masallaci, sai tsohon ya janye, ya ce Attahiru ya zo. Sati biyu ina jan mahaifina zuwa masallaci sau biyar a rana, ƙanena yana biye da mu daga nesa. Ya rame, ya daina zama a dandali. In mun haɗu sai ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, ko sau ɗaya bai ce mini komai ba.

Uwarku ce ta fasa ƙurjin. Tun da aka fara gayyar tafki ta shiga bin gidajen da ta ba dashe tana karɓowa tana ƙonawa. Ku da kuka san garinmu kun san abin kunya ne mace ta bi kyautarta. An yi mata gori, an yi mata habaici a wurin daka, ba ta fasa ba. Har Birnin Malam ta je, ta tarar tuni ta yayarta ta shiga kududdufin unguwarsu, suka rabu ba daɗi. Ranar da ta dawo, ƙafafunta a kumbure, ta wuce bayan gidan Sahabi inda matarsa ta jefar da garwar, wadda ashe tuni ya ɗauke daga bayan rumbuna, ta ɗauko ta dire a gabana ina cin abinci.

"Maigida, garwag ga na san ta, cikinta kak kawo min hure. Ni na bi tawa ɓanna gida gida, an zage ni na haƙura. Kai yaushe za ka bi taka?"

Ba ta jira amsa ba, ta shige ɗaki. Na so in yi fushi, na nemi inda zan kama na rasa.

Da azahar, a kan hanyar masallaci, na tsaya tsakiyar titi da hannun kakanku a nawa, na faɗa masa komai, tun daga wurin lodi a Yawuri har kau da kan da na yi a Jega. Ina jira ya fizge hannunsa, sai na ji ya ƙara damƙewa. Ya ce tun a bakin tafki ya so in faɗa, don ya san Sahabi bai taɓa ƙirƙiro ko da ɗaurin rawani da kansa ba. Ya ce in juya da shi gidan ƙanena. Muka same shi a ƙofa yana alwala. Tsohon ya saki hannuna, ya miƙa nasa cikin iska yana lalube, Sahabi ya tashi da sauri ya kama, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya fashe da kuka, magidanci da gemunsa, ni ma ban tsira ba.

"Ku jiya, ku biyu," in ji kakanku. "Mugun hali awa hakin ga shi ke. Wanda yak kawo shi shina iya bari, amma ba shi iya kiran shi ya komo. Sai dai a bi shi da ƙahwa."

Ya ce in koma Jega ranar kasuwa, in tsaya daidai inda aka tsaga buhun in faɗi gaskiya, sannan mu bi mutum shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Na je na faɗa. Amma waɗanda suka ga an tsaga buhu kasuwa ce guda, waɗanda suka ji ni kuwa ba su cika tabarma biyu ba. Cikinsu ma wasu suka ce kai, ka ga ɗan kirki, yana son ya rufa wa ƙanensa asiri. Na rantse, suka ƙara yaba mini. Alhaji kaɗai ya gaskata, ya ce ya yafe, amma ya gaya mini gaskiya cewa daga yau dole ya riƙa buɗe namu kamar na kowa, don shi ma nasa sunan ya taɓu. Mutum shidan kuwa, huɗu suka bari. Ɗaya ya ce mana ai kowa na yi. Ɗaya ya riga ya koma wajen Maiyama da zama, kuma na ji labarin garwa ta bi shi can. Tafkin sai da muka shekara bakwai muna ja kafin mu ga ruwa sosai, har yau kuma in damina ta yi kyau sai an zagaya an tsince. Jan zaren bai sake fitowa daga aljihun kakanku ba har Allah ya karɓi abinsa bayan damina biyu, a kan cinyar Sahabi.

Tun daga nan Baffanku bai sake kai buhu kasuwa a ɗinke ba. A buɗe yake kai shi, ya zazzage da kansa kafin a tambaya, sai an gani ya ɗinke. Shekara talatin da wani abu yana haka, kuma duk da haka in an tashi ba da labari sunansa ake kamawa, don shi ido ya gani.

Kafin in rubuta wannan babi na je na same shi a gona, yana zaune bakin komi yana kallon ruwa na shiga. Na ce masa zan rubuta komai don yaran nan su san wanda ya kawo abin.  Sai ya ce:

"Rubuta, Yaya. Amma ka rubuta hannuna na yac cika buhun. Kai nuna min kay yi, ba ka ɗaure ni ba. Kuma mutum shidan ga ni nik koya musu, kak ka ɗauke min nawa kaya ka aza bisa naka."

Na ce to, ga shi kuwa na rubuta yadda ya ce. Amma littafin nawa ne, don haka zan ƙara nawa. A cikinmu biyu, shi aka tambaya a gaban kasuwa ya rufa mini asiri, ni aka tambaya a inuwa, daga ni sai ubana, na yi ƙarya. In kun je gaishe shi, ku durƙusa sosai. Ya yafe mini tun ban roƙa ba, kuma har yau in muka jera za mu masallaci sai ya ja baya, ya ce Yaya wuce gaba.